Shukar Hajiya ta langaɓe a hannuna, alhali kullum ina ba ta ruwa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyar mijina. Hajiya ta tafi aikin Hajji ta bar mini amanar wata shuka da take ji da ita ƙwarai, 'yarta da ke aure a Accra ce ta kawo mata. Tana cikin tukunyar roba a falo, ganyenta dogaye ne masu sheƙi, tana kuma fitar da farin fure mai ɗan tsinke a tsakiya. Da za ta tafi ta ce mini kada in bari ta bushe, don haka nake ba ta ruwa safe da yamma. Bayan mako biyu sai ganyen suka fara sunkuyawa. Na ƙara ruwan, na zuba mata takin zamani da wata maƙwabciya ta ba ni, na fitar da ita tsakar gida ta sha rana. Yanzu ganyen ƙasa sun koma rawaya, sauran duk sun langaɓe a bakin tukunya, ga wasu ƙananan ƙudaje suna tashi daga cikin ƙasar. Wata a gidanmu ta ce kambun baka ne. Saura kwana goma Hajiya ta dawo. Maigida ya ce in sayo wata irinta in ajiye a wurin, ba za ta gane ba. Raina bai kwanta da hakan ba. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya dawo mana da ita lafiya.

Kafin komai, ki ajiye butar nan. Kada ɗigon ruwa ya sake shiga tukunyar sai kin ga saiwar shukar da idonki. Duk abin da kika lissafa, rawayar ganyen ƙasa, langaɓewar da ba ta miƙewa, da ƙananan ƙudajen, alamu ne na ruwa da ya yi yawa har saiwa ta fara ruɓewa. Kuma ina da kyakkyawan zato cewa za a iya ceto ta, domin irin wannan shuka tana da taurin rai.

Daga yadda kika siffanta ta, ita ce wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke kira fis lili, masana kuma suna ce mata Spathiphyllum. Asalinta dazukan Kudancin Amurka ne, wajen Kolombiya da Benezuwela, inda take tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Can ruwan sama yana sauka sosai, amma ƙasar wurin ruɓaɓɓen ganye ne da ɓawon itace, sakwa-sakwa, ruwa yana ratsawa ya wuce ya bar danshi kawai. Rana kuma ba ta dukanta kai tsaye. Danshi da inuwa mai haske ta sani, ba ta san ranar tsakar gida ba.

Abin da ke riƙe ganye a tsaye ruwa ne. Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ganyen cike suke da ruwa tam, wannan cikar ce ke sa shi miƙewa. Kin ga damin alayyahu a kasuwar Kejetia, da safe yana tsaye ƙyam, kafin la'asar ya yi yaushi, saboda an raba shi da saiwarsa, ruwa na fita ta ganye babu mai mayar masa. Shukar da ke cikin tukunya tana faɗawa wannan hali ta hanyoyi biyu: ko dai babu ruwa a ƙasar, ko kuma akwai ruwan amma saiwar da za ta sha ta lalace. A ido duka biyun kamarsu ɗaya, ganye ya sunkuya. Nan ne mutane da yawa ke rasa shukarsu, domin hannu yakan riga tunani zuwa wajen buta.

Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi masu riƙe iska, daga nan take samun abin da take shaƙa. Idan ana zuba ruwa safe da yamma, waɗannan ƙofofin suna cika da ruwa, iska ta fita, ba ta kuma samun damar dawowa. Cikin 'yan kwanaki siraran saiwoyi, waɗanda su ne ainihin masu shan ruwa, sai su shaƙe su mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta masu son jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin su Pythium da Phytophthora, su hau kan abin da ya rage. Shukar tana zaune cikin ruwa amma ƙishi take ji, ganye ya langaɓe, mai ita ya ƙara ruwa, ruɓar ta ƙara gaba. Abin da ya faru a falonku ke nan.

Ki lura kuma da lokacin da muke ciki. Kumasi gari ne mai ruwa, damina biyu gare mu a shekara, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. A irin waɗannan watanni iska cike take da laima, sama a lulluɓe, falo kuma ba shi da haske sosai. Shuka ba ta shan ruwa da yawa a wannan yanayi, ƙasar tukunya ma ba ta saurin bushewa. Tukunyar roba a cikin ɗaki tana iya yin mako guda ko fiye ba ta nemi ruwa ba. Da Hajiya ta ce kada ki bari ta bushe, na tabbata ita da ido da hannu take auna abin, ta saba da shukarta har ba ta ga buƙatar yi miki dogon bayani ba.

Duk da haka kada ki tsaya a kan maganata, ki gwada da kanki. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Ki samo tsinken tsire ki soka shi har gindin tukunya, ki bar shi minti biyu ki zaro. In ya fito a jiƙe, baƙar laka ta manne masa, to ƙasan tukunyar taɓo ne ko da saman ya yi kamar ya sha iska. Ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta. Ki kai hanci kusa, ƙasa mai lafiya ƙamshin ƙasa take yi, wadda ta shaƙe kuwa tsami take yi, wani lokaci har wari. Sai ki leƙa gindin tukunyar: akwai huda? Sau da yawa ana saka tukunya mai huda cikin wata ta ado marar huda, ruwa ya taru a tsakaninsu ba a sani ba. Ƙudajen nan da kike gani su ma shaida ne, a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke yin ƙwai, tsutsarsu ba ta rayuwa inda saman ƙasa ke bushewa.

Da ƙishi ne ya kwantar da ita, da kin ga ƙasar ta janye daga jikin tukunya, tukunyar ta yi sakayau, kuma da kin ba ta ruwa cikin 'yan sa'o'i za ta miƙe kamar ba abin da ya same ta. An san fis lili da wannan hali. Wadda aka ba ruwa ta kwana ta wuni ba ta ɗago ba, matsalarta a saiwa take.

Taki da ranar da kika ƙara mata sun daɗa mata nauyi, duk da na san neman gyara kike yi. Takin zamani irin NPK 15-15-15 gishiri ne a asalinsa. Saiwa mai lafiya tana ɗaukar kaɗan ta amfana, mai rauni kuwa ƙona ta yake yi, har ya janye ɗan ruwan da ke jikinta. Rana kuma ta sa ganyen zubar da ruwa da sauri a daidai lokacin da babu mai kawo musu wani. In kin ga tabo fari-fari ko ruwan ƙasa a tsakiyar wasu ganye, ƙunar rana ce, ba za ta goge ba, amma ba ta yaɗuwa. Ki mayar da ita inuwa yanzu.

Yau da yamma, in rana ta yi sanyi, ki shimfiɗa buhu a baranda. Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda, domin ruwan jikin wannan shuka yana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini da ke sa ƙaiƙayi. Saboda haka ma kada yara su matso su ɗauki ganyen da kika yanke su kai baki, yana sa zafin baki da kumburin leɓe, haka yake yi wa kyanwa. Ki ɗora tafin hannu a kan ƙasar, gindin shukar na tsakanin yatsunki, ki kifa tukunyar ki ɗan bubbuga gindinta. Za ta zamo gaba ɗaya. Kada ki ja ta ta ganye. Ki tsoma dunƙulen cikin bokitin ruwa ki riƙa motsa shi a hankali har lakar ta wanke, saiwar ta fito fili.

Yanzu ki duba da kyau. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, in kin matsa ta da yatsa za ki ji ta da ƙarfi. Wadda ta mutu baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi laushi tiɓis, in kin ja ta sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare a hannunki. Duk mai irin wannan kama ki yanke ta da almakashi, ki hau sama kaɗan har inda kika ga fari. Ki goge almakashin da sipirit ko ki gasa bakinsa a wuta kafin ki fara, ki kuma maimaita in kin yanke wuri mai ruɓa sosai, don kada ki ɗauki cutar ki kai wa lafiyayyen wuri. Kada tausayi ya sa ki bar ruɓaɓɓiya ko ɗaya, ita ce za ta sake kunna abin.

Wurin da ya fi muhimmanci shi ne gindi, inda ganye da saiwa suka haɗu. Ki matsa shi da babban yatsa. In yana da tauri, shukar tana da rai ko da saiwa huɗu ko biyar kawai suka rage. Fis lili takan yi 'ya'ya a gefe, saboda haka abin da kike gani kamar shuka ɗaya yawanci gindi uku ne ko fiye a cure. Ki raba su da hannu a hankali, wanda ya ruɓe ki jefar, masu tauri ki ajiye. Ganyen da suka yi rawaya ba za su koma kore ba, ki yanke su daga tushe, haka ma sandar fure in akwai, don yanzu ba ta da ƙarfin ciyar da fure. In kin ga rabin saiwar ya tafi, ki rage wajen kashi ɗaya cikin uku na ganyen, ki fara da tsofaffi na waje. Saiwa kaɗan ba za ta iya shayar da ganye da yawa ba.

Tsohuwar ƙasar ki zubar da ita nesa da sauran shuke-shuke. Tukunyar kuma, in ita za ki sake amfani da ita, ki wanke da sabulu, ki jiƙa ta cikin ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ki ɗauraye sosai. In babu huda, ki gasa ƙusa ki huda gindin wuri biyar ko shida. Amma tun da saiwar ta ragu, ƙaramar tukunya ta fi, wadda saiwar za ta kusa cikawa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba, sai a koma gidan jiya. Ni dai na fi son tukunyar yumɓu ga duk wanda hannunsa ke da saurin ba da ruwa, domin jikinta yana fitar da laima. Ga Pankrono nan kusa, inda aka daɗe ana ginin tukwane, ki dai tabbatar an huda miki gindinta.

Maganar ƙasa ita ce inda nake so ki ba da hankali sosai, don a nan yawancin shukokin ɗaki ke mutuwa a garin nan. Baƙar ƙasar da ake sayarwa a buhu tana da kyau a lambu, amma ita kaɗai a tukunya, bayan an yi ta ba ta ruwa, sai ta danƙare ta hana iska shiga. Ki haɗa awo biyu na baƙar ƙasa, awo ɗaya na ɓawon kwakwa da aka daddatsa ƙanana, da awo ɗaya na gutsattsarin gawayi kamar girman gyaɗa ko ɓuntun shinkafa. Ɓawon kwakwar za ki samu kyauta wajen masu sayar da ɗanyar kwakwa, ki nemi wanda ya bushe, ki jiƙa shi kwana ɗaya ki zubar da ruwan kafin ki yi amfani da shi. Gawayi nake nufi, ban da toka, toka tana da kaifi. Garin katako ma da ake samu a Sokoban kada ki sa shi ɗanye, yana cinye abincin da ke cikin ƙasa yayin da yake ruɓewa, kuma yana curewa. In kin gama haɗin ki ɗan yayyafa ruwa, ki damƙi cikin hannu ki matse. In kin buɗe hannu kika taɓa shi ya wargaje, ya yi. In ya tsaya dunƙule guda da shatin yatsunki a jiki, ƙara gawayi.

Za a ce miki ki jera tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Ki bar wannan. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa, sai ya taru a samanta, wato an ɗago caɓin kusa da saiwa ke nan. Ɗan guntun kasko ko tsohon gidan sauro a kan hudar ya isa ya hana ƙasa zubewa.

Ki dasa ta daidai zurfin da take a da, kada ki binne gindin. Ki ba ta ruwa sau ɗaya har ya fito ta ƙasa, ki bari ya tsiyaye, ki zubar da wanda ya taru a farantin. Ruwan faranti ba ya kwana, ko don sauro ma. Sai ki ajiye ta kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa ganyen, tagar gabas mai labule mara kauri ta fi kowacce. Ban da taki har wata biyu.

Daga nan sai haƙuri, kuma shi ne mai wuyar. Ganyen za su ci gaba da zama a sunkuye mako ɗaya, biyu, wataƙila fiye, zuciyarki za ta riƙa ce miki ki ƙara ruwa. Kada ki bi ta. Yatsa ne zai faɗa miki: sai saman ƙasar ya bushe har gaɓar farko sannan ki ba ta, ki ba ta sosai, ki sake jira. Alamar da za ki sa wa ido ita ce sabon ganye, siriri a nannaɗe, yana ɓullowa daga tsakiya. In kin gan shi, sabuwar saiwa ta kama.

Batun kambun baka, addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, ki yi ta a kan gidanki da duk abin da ke cikinsa. Amma wannan ciwo sababinsa a bayyane yake, za ki riƙe shi a hannunki ki ji warinsa. Kada ki bari zargi ya shiga tsakaninki da mutanen da kuke kwana ku tashi tare a kan abin da ruwa ya yi.

Shawarar maigida kuwa, na san sauƙi yake nema miki, amma ban goyi bayanta ba, kuma na ji daɗi da ranki bai kwanta da ita ba. Wanda ya rayu da shuka shekara da shekaru ya san ganyenta ɗaya bayan ɗaya, Hajiya za ta gane. In ta gane, maganar ta tashi daga shuka ta koma kan gaskiyarki, wannan kuwa ya fi wuyar gyara a gidan da za ki zauna shekaru. Kuma darajar shukar a wurinta ai ta hannun da ya kawo ta ce, ba a sayen wannan a bakin titi. Kwana goma ba za su isa ta dawo yadda take ba, don haka kada ki ɗora wa kanki wannan buri. Ki bari Hajiya ta sauka, ta huta, 'yan barka da zuwa su ragu, sai ki same ta ke kaɗai ki ce: "Mma, tsoron kada ta bushe ya sa na cika mata ruwa har saiwarta ta lalace. Na ciro ta na gyara, na sake mata ƙasa, ga ta nan tana farfaɗowa. Ki yi haƙuri, ki kuma nuna mini yadda kike yi mata." In ta riga ki tambaya tun ranar farko, ki faɗa mata a lokacin. Ko da kin tarar duk gindin ya ruɓe babu na ɗauka, maganar ɗaya ce, sai dai a nan kina iya sayo wata ki miƙa mata a matsayin sabuwa, da bakinki ki ce sabuwa ce. Ki sanar da maigida abin da kika yanke kafin ranar, don bakinku ya zo ɗaya.

Abu na ƙarshe, tun da alama kulawar shukar nan za ta riƙa zagayowa kanki. In hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, lissafin yana juyawa. Iska ta bushe, tukunya na iya neman ruwa duk bayan kwana uku ko huɗu, bakin ganye ya riƙa ƙonewa. In ƙasar ta bushe ƙayau har ruwa na bi ta gefe yana zubewa ba tare da ya jiƙa tsakiya ba, ki zaunar da tukunyar cikin baho mai ruwa minti 20 zuwa 30 ta sha ta ƙasa, sannan ki ɗaga ta tsiyaye. Ki nisanta ta da saitin fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, kina leƙa bayansu: in kin ga wani farin abu kamar auduga a maƙale a kusurwar ganye, ko siririyar yana da ɗige-ɗige, ƙwari ne masu tsotse ruwan shuka, su ma suna sa yaushi. Ɗan sabulun salo kaɗan a cikin ruwa, a goge gaba da baya duk mako har sau uku, yana maganinsu. Ruwan sama da kika tara ya fi kowane ruwa a wurinta, na famfo kuma ki bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin ki zuba. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada su kusance ta. In wata rana kika ga saiwa na leƙowa ta hudar gindi, shukar kuma na yin yaushi kwana ɗaya bayan an ba ta ruwa, tukunyar ce ta yi mata kaɗan, sai a sauya mata wadda ta fi ta faɗi da kamar yatsa biyu kawai.